Unguwar Dalma da Ta Ƙi Karɓar Fenti

Haƙƙi ne a kan duk wanda aka damƙa wa amana ya tsare ta har ta isa ga mai ita. Kwamitin 'yan ƙasarmu mazauna Madina ya karɓi wata amana a gabana, ni na rubuta takardar karɓar da hannuna, kuma har yau ba ta isa ba. Kafin in gabatar da ƙorafina, wajibi ne in bayyana mece ce amanar.

A farkon shekarun tamanin ina ɗalibi a jami'a, ina kuma riƙe da rajistar kwamitin. A wani lungu na unguwar Sultana akwai wani tsoho Badamagare, mai gyaran butoci da fitilu. Tun yana saurayi ya zo, bai sake komawa gida ba. Idan aiki ya lafa sai ya narka dalma ya zuba unguwar da aka haife shi, guntu-guntu, kowanne bai fi babban yatsa ba: ƙofar gari, masallaci, rijiya, rumbuna, da zauren mahaifinsa. Bai taɓa zuba mai rai ba. A lokacin da na san shi, yanar ido ta rufe masa idon hagu, tana kuma bin na dama.

"Bakano," in ji shi wata rana, "an ce hannunka ba ya rawa. Shafa wa garin nan launi in gan shi ja kamar yadda na baro shi, kafin idon ya ƙarasa."

"Baba, garin da duka-duka ya shiga faranti ɗaya?"

"Da naku na zuba, a murfin kwalba zai zauna. Ɗauki burushi."

Ƙarfe ba ya karɓar launi kai tsaye. Sai an shimfiɗa masa wani fenti mai ruwan toka da masu shago ke kira asas. Shi ke kama ƙarfen, launi kuma ya kama shi. Na shafa, na bari ya bushe, na ɗora jar ƙasa. Da na sa farce sai ya saluɓe kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. Na zargi mai sayar da fentin, na faɗa masa maganganun da daga baya na koma na nemi afuwarsu. Na sake gwangwani. Wasu guntaye suka kama, wasu suka ƙi. Makonni suna wucewa, tsohon kuwa kullum sai ya ƙara kusanto da abu gab da hancinsa kafin ya gane shi.

Tun farko ina rubuta kowane guntu da ranar da na shafa shi da yadda ya kasance. Da na bi shafukan sai na ga duk abin da na shafa ranar Asabar ya saluɓe, wanda kuwa aka zuba tsakiyar mako na shafa nan take ya zauna daram. Saboda haka na je shagon ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da ban saba zuwa ba.

Dattawan garinsu na tarar, har da wani mai aikin gonar dabino a Khaibar. Kwalbar turaren mai tana zagayawa, kowa ya shafa a tafi da gemu. Sannan suka rufar wa farantin.

"Wallahi rijiyar nan bayan masallaci take!"

"Kai da aka fito da kai a goye, me ka sani? Ajiye ta inda ka gan ta."

Ina kallo tsohon ya ɗiga turare a yatsa, ya shafa wa zauren mahaifinsa a hankali, har cikin ƙofar.

"Baba, ashe ku ne," na ce bayan sun watse. "Maiƙo ba ya barin asas ya kama."

"Yau Juma'a ce, Malam. In shafa wa gemuna, in hana zauren ubana?"

Roƙonsa na yi ya bar ni in tafi da guntayen ɗakina a unguwar Jurf. Can na wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, na bi lungunansu da sabon aswaki, na ɗauraye, na shanya a rana. Daga nan ban sake taɓa su sai da hantsaki ba. Na shafa asas siriri sau biyu. Ya kama.

Ƙofar gari da rijiya da zauren na fara gamawa. Ya fita da su bakin shago inda rana ke da ƙarfi, ya daɗe yana juya zauren a gaban idonsa na dama.

"Jan ya ɗan yi yawa," in ji shi. "Amma shi ne." Ya kai shi hanci. "Sai dai ba ya ƙamshi."

"Yanzu ya bushe, Baba. Shafa yadda kake so."

Masallacin da rumbunan kuwa, kafin in kammala su idon ya rufe. Da yatsa ya karɓe su, yana tambayata launin kowanne. Makonnin nan da na ɓata ina zargin gwangwani har yanzu suna tsaye mini a rai, kuma ba na wuce mai sayar da turaren mai ban tuna lungun nan ba.

Da ya rasu, wasiyyarsa ita ce a kai unguwar wa 'ya'yan ƙanwarsa a Damagaram. Na naɗe kowane guntu a auduga, na jera a akwatin gwangwani, na miƙa wa kwamiti. Da aka sauya ɗakin ajiya sai aka ce ba a ga akwatin ba, kuma wasiƙuna a kan batun ba su sami amsa ba.

Don haka ina neman shugabannin kwamitin na yanzu, cikin girmamawa, su binciki waɗanda suka kwashe kayan, su buɗe duk akwatin da ya rage, su sanar da ni sakamakon a rubuce. Kwafin takardar karɓa yana hannuna. Wanda ya buɗe akwatin ba zai kasa gane shi ba, domin audugar da ta naɗe zauren ta sha turare.