Bembe da Carbin Nogan

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu ya san Bembe, ko bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa a kan taraktar gonar gwamnati, har ya saba magana kamar injin na nan a kunne. In ya gai da maƙwabci da safe, tumakin gida uku sai sun ɗaga kai. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai taurin kai, kuma bayan gyaran inji babu abin da ya ƙware a kai irin tsokanar matarsa Nogan.

Ita Nogan 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya. Kamar yawancin tsofaffin matan ƙabilarmu ta Kalmik, tana da kusurwa a ɗaki inda ta ajiye hoton Buddha da fitilar man shanu. Kullum da safe in ta dafa shayi da madara da gishiri, kofin farko can take kai shi, sannan ta zauna da carbinta ta shiga rera wuridin nan namu da ake kira mani, wanda ake ta maimaitawa. Ranakun azumin da ake yi kowane wata kuwa ƙawayenta kan taru a gidan, ita ke jan baki suna amsawa. Bembe yakan ce ga ƙudan zuma sun sauka, ya suri hularsa ya nufi garke. Wani lokaci ya leƙo ta taga ya ce, "Tsohuwa, tunda kun samu layi, ki tambayo mana ko za a yi ruwa bana." Nogan kuwa sai dai ta yi murmushi ta ci gaba da jan carbinta.

Tsokanar tana da tushe, ko da yake ba kowa ya sani ba. A Saberiya, can ƙasar ƙanƙara, Bembe ya buɗe ido, zamanin da aka kwashe mutanenmu kaf aka jibge a can. Yana ƙarami ya ga mahaifiyarsa rungume da ƙanwarsa mai zazzaɓi, tana rera mani ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ta rera har muryarta ta dishe, yarinyar kuma ta cika a hannunta. Tun daga ranar ya yanke cewa abin ba ya maganin komai. Ya ba Nogan wannan labarin tun farkon aurensu. Ta ce masa ita ba ta taɓa jin an ce wuridin na hana mutuwa ba. Abin da ta sani, in baƙin ciki ya danne ƙirji, shi ke buɗa wa numfashi hanya, kuma wataƙila da shi uwar tasa ta iya miƙewa washegari ta nemo masa abin da zai ci. Bembe ya ce wannan zancen mata ne, ba su sake tayar da maganar ba.

Haka suka tsufa tare, yana tsokana tana murmushi, har wata kaka bayan an gama tara ciyawa Nogan ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu. Aka kai ta asibiti a birnin Elista, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka dawo da ita hannun dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke. Tana ji, tana ganewa, amma in ta buɗe baki ba abin da ke fita sai iska. Ƙawayenta suka zo suka kewaye gadon suna rera mata mani. Matar da ta saba jan baki ta kasa ko amsawa, sai ta rufe fuska da hannunta mai lafiya tana kuka. Maƙwabciyarsu Bulgun ta ce su bari, ƙara mata ciwo suke yi.

Daga nan Nogan ta juya fuska ga bango ta ƙi abinci. Bembe ya yanka rago ya yi romo, ta datse baki. Ya roƙi Bulgun ta soya mata irin fanken da take so, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Kullum tana ƙara ramewa, har ya gane matarsa ta sallama duniya ne, in ba a yi wani abu ba ba za ta ga hunturu ba. Tsoro ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ga gidan ya yi tsit, shi da ya yi shekaru yana ƙorafin ƙudan zuma ya wayi gari yana kewarsu.

Wata safiya ya dafa shayi, ya tsaya da kofi a hannu, sai idonsa ya kai kusurwar nan. Fitila a mace, ba wanda ya kai kofin farko tun ranar da ta faɗi. Ya kai ya ajiye, yana jin kunya kamar ana kallonsa. Carbin na nan a gefe. Ya ɗauka ya zauna a bakin gadonta, ba don ya yarda da komai ba, dabara ce ta ƙare masa. Ya gyara murya ya fara. Abin mamaki, ashe ya haddace wuridin tsaf, har inda take ɗaga murya da inda take saukewa, duk ya shige shi ta bango yana can yana tsokana. Sai dai muryar ta tarakta ce, har gilashin taga na rawa. Nogan ko motsi ba ta yi ba.

Ya bi ƙwayoyin carbin ɗaya bayan ɗaya har ya iso babbar ƙwayar da ke kai. To a nan ko yaro ya san ba a tsallake ta, don matsayin malami take. In an iso ta sai a juya carbin a koma ta inda aka fito. Bembe bai sani ba, don da kunne ya koyi abin, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ya haye ta kai tsaye.

Sai ji ya yi tas a bayan hannunsa. Ya ɗago, ga Nogan ta juyo tana harararsa, irin hararar da take masa in ya shigo ɗaki da takalmi duk laka.

"To Malama," in ji shi, "ni ban iya ba. Ke nuna min."

Ta miƙo hannun hagu ta juya carbin a cikin tafinsa. Ya sake farawa. Bai yi nisa ba ya ji wata siririyar murya a ƙarƙashin tasa, tana binsa, kalmomin na fita ɗaiɗai sarai. Hawaye suka sauko masa har gemu, amma bai yarda ya tsaya ba, don yana tsoron in ya yi shiru ita ma ta yi. Da suka gama ya miƙa mata shayin, ya riga ya huce, ta shanye.

Bulgun ta shigo washegari ta tarar da su. Ta riƙe haɓa ta ce, "Bembe, kai ne yau cikin ƙudan zuma?"

"Ni ne ƙaton cikinsu," ya ce. "Ja ƙofar, kina shigo mana da iska."

Magana dai ba ta dawo wa Nogan ba. Likita ya ce akan samu haka, abin da aka saba rerawa ya tsira ko da zance ya tafi. Ita kaɗai ba ta iya farawa, sai an ja mata baki, don haka aikin ya zama na Bembe kowace safiya. Ta koma cin abinci, ta yi kumatu, ranakun azumi ɗakin ya sake cika da mata. In aka tambaye shi ko ya yi imani ke nan, yakan ce shi bai sani ba, amma yanzu ya gane abin da mahaifiyarsa take yi a ranar nan.

Abu ɗaya ne ya gagare shi har yau. Duk safiya in ya iso babbar ƙwayar sai ya haye ta, Nogan ta kai masa duka, ta yi dariya da rabin bakinta. Bulgun ta gaji ta tare shi a garke ta ce mutumin da ke warware injin tarakta ya mayar, a ce ƙwaya ɗaya ta fi ƙarfinsa?

Bembe ya waiga wajen tagar ɗakin Nogan, karon farko a rayuwarsa ya yi magana a hankali.

"Na iya tun tuni, Bulgun. Amma faɗan nan kaɗai ya rage mata da ni. In na gyara, da me za ta yi min magana?"