Lado da Sanyin Talaja

Mastura, gyara zama ki rubuta, kuma kar ki gyara mini magana. In Hausar ta ƙwace miki ki tambaye ni, kar ki cusa mini Larabcinku na 'yan Jidda. To amaryata, bismillah.

Sunansa Lado. Ba ɗan'uwana ba ne, zaman unguwar Ruwais ta nan Jidda ne ya haɗa mu. Mutumin Bakura ne, ya zo umra ya maƙale, kamar yawancinmu. Lokacin Ruwais duk lunguna ce, iskar teku tana shigowa da ƙarni, in jirgin ruwa ya yi kuka a mina, wato tashar jiragen ruwa, har cikin ɗaki kake jinsa. Ta bakin titi gidajen cin kifi ne a jere, da yamma Larabawa su zo da iyalansu a manyan motoci. Mu muna ta baya, wajen wanke-wanke.

Lado gyaran kifi yake yi a gidan abincin wani Bayamale, Ammi Abdulghaffar. A kawo kifi daga kasuwar Bangala, ya kankare, ya farke ciki, ya jera a ƙanƙara. Hannunsa duk ya yi fari ya tsattsage.

Ban taɓa ganin mai tsoro irinsa ba. Dukkanmu ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, dukkanmu muna tsoron jawazat, masu kama marasa takarda, amma nasa daban ne. Da takalmi yake kwana. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, dab da ƙofa. Babban titi kuwa ba ya taka shi. Shekara da shekaru yana jin ƙarar teku daga bayan kicin, bai taɓa zuwa bakin ruwan ya zauna ba.

Ɗaki ɗaya suke da Usuman, wani ƙato mai dako a mina, shi ma daga wajen Bakura. Usuman ba ya barinsa ya huta. Sai ya leƙo ta bayan kicin ya ce, "Lado, jawazat!"

Wuƙa ta faɗi. Lado ya dafe ƙirji ya ce, "Allah ya isa, ƙaton banza. Ranar da suka zo da gaske kai za su fara ɗauka."

"Ni? Motar tasu ce za ta iya ɗaukata?"

To ranar ta zo. Da rana tsaka suka tare lungun gaba da baya. Kowa ya kama gabansa, ni ta katanga na bi. Lado ya rasa inda zai shiga, sai ya faɗa talaja. Ba irin ta gidanmu ba, Mastura, ɗaki ne guda mai sanyi da ake ajiye kifi, kuma ta waje ake buɗe shi. Wani ma'aikaci garin gudu ya bangaji ƙofar ta rufe. Ba wanda ya san yana ciki.

Sai da Usuman ya dawo daga mina bai gan shi ba, ya yi ta bi gida-gida yana tambaya. Shi ya buɗe ƙofar. Ya tarar da Lado a duƙunƙune tsakanin kwandunan kifi, leɓensa ya yi baƙi, ko salati ya kasa. Ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhu ya kai shi ɗaki. Yatsun ƙafarsa ba su ƙara jin komai ba har muka rabu.

Da ya warware ya ce mini, "Husaini, ba sanyin ne ya fi ba ni tsoro ba. Duhu ne, ka yi ta kira ba mai amsawa. Na ce ashe haka zan mutu, ba wanda ya san ina nan."

Daga nan ko kusa da ƙofar talaja ba ya zuwa. Sai wani ya miƙo masa kifin.

Shekarar yaƙin Kuwait, cikin zafin nan mai gasa mutum, Usuman ya dawo daga aiki yana riƙe da kai. Ya kwanta. Da hantsi Lado ya zo ya tsaya a ƙofata, bai yi sallama ba. Da na ga fuskarsa na gane Usuman ya cika.

Muka taru a ɗakin, muna magana ƙasa-ƙasa. Ki gane, ba ka isa ka ɗauki gawa ka kai maƙabarta haka kawai ba, sai hukuma ta sani. Wanda ya tsaya ya ce nawa ne, abu na farko da za a tambaye shi iƙama. Mai iƙamar ma tsoro yake, kar a ce shi ya ɓoye mara takarda. Abin da muka saba shi ne a naɗe mamaci, a ajiye shi a ƙofar asibiti, a juya da sauri.

Lado ya ce, "In an ajiye shi, ina za su kai shi?"

Wani dattijo, Musbahu, ya ce, "Talajar asibiti, har a samu mai shi."

"In ba a samu ba fa?"

"Sai ya yi ta zama. Wani ya yi watanni."

Lado ya kalli gawar. Haƙoransa suna haɗuwa, wallahi kamar ranar da aka fito da shi. Ya ce, "Ni na san sunan ubansa da ƙauyensu. Ni zan tsaya."

Na ce, "Lado, kama ka za su yi."

Ya ce, "Na sani. Tsoro nake ji, Husaini. Amma shi ya buɗe mini ƙofa. Kai koma wajen yaranka. Yalla, ku kama mini."

Muka sa Usuman a bayan motar kifi ta Ammi Abdulghaffar. Bayamalen ya miƙa wa direbansa makulli ya shige ciki. A bakin lungu muka tsaya. Lado yana zaune a baya, ya riƙe ƙafar Usuman da hannu biyu, motar ta hau babban titi, ga teku shimfiɗe a gefensa. Bai ko waiwaya ya kalle shi ba.

Direban ya ba mu labari. Ya ce da ɗan sandan asibitin ya ce, "Iƙama?" sai Lado ya girgiza kai, ya nuna gawar, ya yi ta maimaita sunan Usuman da na ubansa da na ƙauyensu, har suka rubuta.

Kafin Juma'a ta zagayo aka ba da gawar. Musbahu ya yi masa wanka, muka sallace shi, aka rufe shi. Lado bai gani ba. Yana tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida, daga can aka sa shi a jirgin Kano.

Bayan Hajji wani alhaji ya kawo mini kaset ɗin Lado. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Husaini, ka gaya mini gaskiya. Ya daɗe a cikin talajar?"

Na aika masa cewa bai daɗe ba. Halas, Mastura, ajiye biron. Kashe mini mukayyif ɗin nan mai hura sanyi, sanyin ya ishe ni.