Takardar da Kawu Bai Karanta Ba

Jiya a shagon tela a unguwar Poumpoumré ta Garoua na murɗa rediyo, na ratsa tasha uku, duk murya ɗaya, labari ɗaya. Sai na tuna Kawuna marigayi.

A da shi ke karanta labaran Hausa a wata ƙaramar tasha a Garoua, kullum rigarsa tana ƙanshin turare da goro. Bayan wani babban kamfani mai jaridu da talabijin ya saye tashar, wata rana na kai masa abincin rana. Na tarar da shi riƙe da takardar koken manoman auduga, ya ƙura mata ido.

"Kawu, lafiya?"

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Sabon darakta ya hana a karanta. 'Yata, idan rijiyoyin gari suka koma hannun mutum ɗaya, ranar da ya rufe su, wa za ki kai wa ƙara?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Tuwon ma bai taɓa ba.

Yau kamfanin ya saye tashoshi har can garin Meiganga. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya bar mana bakin faɗar abin da ya same mu.