Yadda Hannun Lawwali Wanzami Ya Kama Rawa

Duk wanda ya zauna Matameye ya san Lawwali wanzami, gajere mai tumbi, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Wanzanci gadonsa ne, kuma ban ga abin da yake so a duniya kamarsa ba. Ubansa ya mutu ya bar masa zabira da aska da ƙaho, da manyan gidaje biyu: gidan Alhaji Shekara da gidan Alhaji Yunus.

Sana'ar gidajen nan ɗaya ce, shigo da man fetur daga Nijeriya ta daji, bido-bido, wato jarkoki, a bayan moto mai ƙafa biyu, ta wajen Ɗan Barto. Hanya guda ce 'yan duwan, wato kwastan, ba su cika bi ba, kowane gida kuwa ya ce kakansa ne ya fara binta da jaki. Da fari tayoyi ake fasa wa juna. Sai aka tsinci gawar ƙanin Shekara a gonar gero, aka ce hatsari ne. Ba a jima ba aka tsinci gawar surukin Yunus a gonar kusa, shi ma aka ce hatsari ne. Gari ya rabu biyu, har mai tsire sai ya duba fuskarka kafin ya barbaɗa maka yaji. Lawwali kaɗai ke shiga gidajen biyu, don ba a sauya wanzamin gado saboda faɗa. Kowace Juma'a da safe yakan ɗora aska a maƙogwaron wannan, ya wanke ta, ya je ya ɗora a na wancan, yana ba su labarin tsadar gero.

Ana nan sai matan gidajen biyu, waɗanda ko gaisawa ba sa yi, suka haihu rana ɗaya. Suna ya faɗo rana ɗaya ke nan, askin jariri kuwa aikin wanzamin gida ne. Kowane Alhaji ya aiko masa da goro da saƙon cewa gidansa za a fara zuwa. Lawwali ya rasa tudun dafawa. Matarsa Kande ta ce ya tafi Kurni ya ce gaisuwar mutuwa ya je. Ya ce tun kakanninsa ba a taɓa jin wanzamin gidansu ya gudu ya bar kan jariri ba.

Dabarar da ya yi, har yau in na tuna sai na yi dariya. Ana gama raɗin suna ya faɗa gidan Shekara, ya aske rabin kan yaro, ya dafe ciki ya ce gudawa ta taso masa. Ya bi ta bayan gida ya haura katanga, da tumbinsa da zabirarsa, sai gidan Yunus. Can ya aske jaririnsu tas, ya dawo yana haki ya ƙarasa rabin da ya bari. Mata suna ta yi masa sannu, wata tsohuwa har da jiƙa masa kanwa.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Mutanen Shekara suna taƙama a gidansu aka fara, mutanen Yunus suna taƙama nasu aka fara gamawa. Lawwali ya riƙa tafiya a kasuwa yana buɗa hannuwa kamar shi ya sasanta duniya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kowane Alhaji ya ɗauka wanzamin nasa ne, wancan gidan kawai yake yaudara. Ranar Juma'a, yana cikin aske Shekara, Alhajin ya kori mutanen da ke zaure, ya yi ƙasa da murya.

“Lawwali, na ga inda zuciyarka take. Daga nan gidan wancan za ka, ko? Aska ai tana zamewa.”

Lawwali ya ƙarasa askin, ya ɗauki zabirarsa. Ya isa gidan Yunus, shi ma Alhajin ya kori mutane, ya faɗa masa kusan maganar nan, sai dai shi ya haɗa da alkawarin kujerar Makka. In ya ƙi, an san ya ji sirri. In ya yi, ya kashe mutum, shi da ko kaza Kande ke kai wa maƙwabci ya yanka. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari aka gan shi wajen mai shayi na bakin tasha, inda 'yan moton gidajen biyu ke zama nesa-nesa da juna. Ya karɓi kofi, hannunsa ya hau rawa, shayi ya zube masa a riga. Aka ba shi wani, ya watsa wa na kusa da shi. Kafin azahar labari ya game gari cewa ciwon rawar hannu ya kama Lawwali. Wa zai miƙa wuyansa ga aska mai rawa? Alhazan biyu suka aiko da sannu, kowanne ya koma wa masu injin aski. Sauran jama'a ma suka janye kawunansu.

Shekaru ke nan yana wannan rawa. A masallaci yana yi, a kasuwa yana yi, wani lokaci ya manta ya girgiza na hagu maimakon na dama, Kande ta zungure shi. Alhazan suna nan da ransu, suna ta hatsarinsu a gonakin mutane. Ni abin haushi yake ba ni fiye da dariya.

Bara 'yarsa Zuhra ta haifa masa jikan fari, namiji. Dole aka ɗauko wani wanzami daga Yauri, mai hannu kamar na maƙeri. Lawwali ya zauna gefe yana kallo, tsakar gida cike da mata, cikinsu har da na gidajen biyu. Baƙon ya karce kan jaririn, jini ya ɗan fito, yaro ya tsala ihu. Lawwali ya zabura ya miƙa hannu zai karɓi askar, hannun nan tsaye cak, ko motsi babu. Kande ta yi gyaran murya. Ya dubi matan da ke kallonsa, ya dubi kan jikansa, sannan ya fara girgiza hannun a hankali, ya koma ya zauna.