Filafilin da Yaya Hamadu Ya Ɗaga

Shekara bakwai ke nan cif da ruwan Kwara ya ci yayana Hamadu, tsakanin Garu da Malanville, ranar kasuwa, da rana tsaka, a gaban mutanen da har yau suna nan da ransu. Na ce ruwa ya ci shi don haka bakinmu ya saba faɗa, amma ni ban taɓa riƙe kogin a zuciya ba. Mutum ya yi shekara arba'in bisa ruwa, ruwan bai taɓa cutarsa ba, sai ranar da aka ɗora masa baƙi a kai. Kowace shekara in lokacin ya zagayo mukan yi ƴar sadaka, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana ba zan iya yin shiru ba, saboda abin da aka kawo mini makon jiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mushe Isa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Tun da na ajiye alli nake zama da ɗan teburina a gindin bishiyar bedi, ina rubuta wa mutane takardun Faransanci. Hamadu kuwa bai taɓa shiga aji ba. Matuƙin jirgi ne, jirgin katako mai ɗan inji a baya, yana ɗauko albasa da shinkafa da masu kayan daga ƙauyukan bakin kogi zuwa kasuwa. In ya tarar da ni ina rubutu sai ya ce, "Mushe, kai dai takarda kaka ci, bari in kawo maka kihi kada ka mutu." Kuma sai ya kawo ɗin.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa ƙwaya ba bala'i ba ce. Ɗana na fari, Nasiru, ɗan kabu-kabu ne. Ya fara shan tramol don ya jure wuni bisa moto, wato babur, yau ga shi magidanci a zaune cikin zaure, hannunsa na rawa, kofin shayi ma sai an riƙe masa. Shi ya sa lokacin da aka ce wata ƙasar waje ta yi tayin jiragen sintiri masu gudu, har da masu horo, don a tare ƙwaya a kogi, ban tsaya tunani ba. Manyan kasuwa suka ce a rubuta takardar roƙo ga hukuma ta karɓi tayin. Ni na rubuta ta, da wannan hannun, har na yi ta alfahari da yadda Faransancin ya zauna.

Da na karanta wa Hamadu na fassara masa, sai ya ce, "Jirgin nan da kaka roƙo, wa za shi tuƙa shi?"

Na ce, "Waɗanda suka ƙware mana, Yaya."

Ya ce, "Sun ƙware ga wane ruwa? Ruwanga na da maganatai. In ba ka jin ta, mutane za ka kashewa kana ganin aiki kakai."

Dariya na yi masa. Wallahi dariya na yi, na ce a raina wannan maganar wanda bai yi boko ba ce.

Bari in yi wa mutanen tudu bayanin abin da kowane yaron bakin kogi ya sani. Jirgin da ya yi lodin albasa, tsakanin ruwa da bakin katakonsa bai wuce yatsu huɗu ba. In babban jirgi ya taho da gudu, igiyar ruwan da yake tayarwa ta isa ta cika shi. To, matuƙi abu biyu yake yi. Yakan juya hancin jirginsa ya fuskanci igiyar, kuma ba ya kashe inji, don in ya kashe, jirgin zai ba ta gefe, shi ke nan an gama. Sannan ya miƙe tsaye, ya kama filafilinsa da hannu biyu, ya ɗaga shi a gicciye bisa kansa. Ma'anarsa ɗaya ce daga nan har inda kogin ya tafi: rage gudu, na yi nauyi, akwai mutane. Dendi ya san ta, Zabarma ya san ta, Bahaushe ya san ta, ba ta bukatar tafinta. Ban taɓa jin matuƙin da aka ɗaga wa filafili ya ƙi rage gudu ba, ko da kuwa jiya suka yi faɗa.

Ranar, Hamadu ya taso daga Garu da buhunan albasa da mutum uku: Hajo da Lami, masu albasar, da wani tsoho, Baba Zibo, da za shi wurin likita. Ba na wurin. Abin da zan faɗa daga bakin matan biyu ne da masuntan da ke kusa. Jirgin sintiri ya ɓullo daga bayan tsibiri yana tsaga ruwa, da jami'anmu a ciki da baƙi biyu masu horo. Aka yi ta kira da lasifika cikin Faransanci, wai ya kashe inji. Hamadu bai san Faransanci ba in ban da gaisuwa, kuma ko ya sani ba zai kashe ba, don bai haukace ba. Ya yi abin da ubanmu ya koya masa. Ya juya hancin jirgi wajensu, ya miƙe, ya ɗaga filafili.

Su kuma suka ga mutum ya ƙi tsayawa, ya nufo su, ya ɗaga wani dogon abu. Sai suka shiga zagaya shi da gudu, wai haka aka koya musu tsayar da jirgi mai taurin kai. Hajo ta ce zagaye na farko ruwa ya jiƙa musu zane, na biyu ya kai gwiwa, Hamadu na tsaye bai sauke hannu ba, yana ihu da Dendi da Hausa, "Mata na ciki! Mata na ciki!" A na uku jirgin ya tafi ƙasa. Ya fitar da Hajo ya ɗora ta kan jirgin wani masunci, ya koma ya jawo Lami, ya sake komawa neman tsohon. Sai bayan kwana biyu aka same su kusa da Madekali, cikin ciyawar burgu, hannunsa na riƙe da rigar Baba Zibo.

Hukuncina shi ne ina karanta Faransanci. Na ga takardar da aka rubuta a kan abin da ya faru, babu wanda ya fassara mini, babu wanda ya sassauta mini kalma ɗaya. Wai jirgi ne da ake zargi da safarar ƙwaya, matuƙinsa ya ƙi bin umarni, ya yi barazana da abu mai kama da makami, kayan kuma sun nitse ba a samu bincika su ba. Ƙarya ce! Albasa ba ta nitsewa. Buhunan sun fashe, kogi ya yi ja da ita, mutanen Madekali suka bi ta da kwanduna suka tsince, suka ƙi cin ko ɗaya, suka kawo ta bakin tasha aka baza a ƙasa. Jandarma sun zo sun tsaya a kanta, sun tona da takalmi. Ko ƙwara ɗaya ta magani ba a gani ba. Amma albasar ba ta shiga takarda ba, zargin ne ya shiga, kuma shi aka karanta a rediyo.

Tun daga ranar, matarsa Hadiza, da ke soya kifi a bakin kasuwa, take ɗauke da wannan suna. Masu jirgi sun san gaskiya, amma gari ba masu jirgi kaɗai ba ne. Akwai waɗanda suka daina saye a wurinta. Ɗiyarsa Zali ta taɓa dawowa gida tana kuka, wata ta ce mata ai da kuɗin ƙwaya aka rene ta, ita da ubanta ya mutu bai mallaki ko keke ba. Kowace shekara nakan rubuta takarda in manna tambur na kan sarki, ina roƙon abu guda: a goge layin nan, a rubuta cewa albasa ya ɗauko. Ba mu nemi diyya ba, ba mu nemi a ɗaure kowa ba. Har yau ko amsar "mun gani" ban samu ba. Masu horon kuwa ba su cika shekara ba suka koma ƙasarsu, kuma na tabbata babu wanda ya san sunan Hamadu a cikinsu. Jirgin da suka kawo yana nan kife a gaɓa, injinsa ya mutu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa.

Nakan ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga gadar da ke tsakaninmu da garin Gaya ta daɗe a rufe, gari duka ya koma hannun masu jirgi, har waɗanda suke kallonsu a matsayin ɓarayi da jirginsu suke ƙetarewa. Wannan zai ba shi dariya. Zai ga ƙwaya ba ta je ko'ina ba, kuma kowa ya san ba a ƙarƙashin albasar matan Garu take shigowa ba, masu ita ba sa jiƙa ƙafarsu. Zai ga Nasiru yadda ya bar shi, ko ma ya fi lalacewa. Wannan ba zai ba shi dariya ba, don shi ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi.

Sannan zai ga abin da samari ke nuna mini cikin salula a wurin mai shayi. Manyan jiragen yaƙi a wani teku mai nisa, ga ɗan jirgi yana gudu an ɗauko hotonsa daga sama, sai wuta ta tashi, sai a rubuta a ƙasa: masu safarar ƙwaya ne. Wasu har tafi suke yi. Nan take gardama ta kaure. Wannan ya ce namu sun kasa, a kira na waje su zo da irin waɗannan su share mana kogi. Wancan ya ce baƙo ba ya kawo soja don Allah, in ya shigo fitarsa sai an sha wuya. Ni dai nakan karɓi salular in kawo ta kusa da ido, ina neman mutumin da ke cikin ɗan jirgin, ko a tsaye yake, ko akwai abin da ya ɗaga. Daga sama ba a gani. Mai yiwuwa ƙwaya ce a ciki, ban sani ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wanda ya harba ma bai buɗe buhu ko ɗaya ba. Hamadu ba zai shiga gardamar manyan ƙasashe ba, bai san sunayensu ba ma. Tambayarsa ta dā zai maimaita, wa zai tuƙa, ya ƙara da cewa in an yi kuskure, ƙofar wa matata za ta buga?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya Alhaji Bawa ya zo teburina. Ɗan kasuwa ne mai mutunci, shekara huɗu ke nan da ya dawo garin nan da zama, shi ma ƙwaya ta lalata masa ɗan ƙane. Ya ce sun haɗu za su roƙi hukuma ta nemo taimakon waje, a dawo da jiragen sintiri, wannan karon da sojojinsu. Ina rubutawa yana faɗa, sai ya ce:

"Mushe, ka ƙara da hujja. Ka ce wancan karon da anka kawo su sun yi aiki, cikin wata kaɗan sunka nitsar da wani babban mai safara nan kusa da Garu."

Na ajiye alƙalami. Na ce, "Alhaji, wa ya ba ka wanga labari?"

Ya ce, "Haba, kowa ya sani. Haka ni ji ana hwaɗi tun zuwana."

Ban ga laifinsa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ƙaryar ta zauna, ta zama tarihin gari, har an kawo mini ita in sa mata Faransanci mai kyau, a yi hujja da gawar yayana a kira wasu su zo su ƙara. Na ce masa ya taso. Na kai shi gida, na sauko da filafilin Hamadu daga bango, wanda wani masunci ya tsinta ya kawo mana. Na ce, "Alhaji, ga makamin babban mai safarar. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya." Ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Na gaya masa ba zan rubuta ba. Na san akwai wasu masu tebur a garin nan, takardar za ta tafi ko da ni ko ba ni. Ya dai yi mini alkawarin za a cire wannan layi, kuma na yarda da shi.

Me ya rage na Hamadu bayan shekara bakwai? Hajo na nan tana sayar da albasa. Lami ta haifi ɗa namiji ta sa masa sunansa. Akwai filafilin, akwai kuma layi ɗaya na ƙarya a cikin wata takarda, a wani biro, ofishin hukuma, wanda Hadiza ke so ta ga an goge kafin ta mutu. Ni kuma da na rubuta takardar farko, ina da nawa kason, ban ɗora wa kowa shi ba, kuma ba na tsammanin zan sauke shi a duniyar nan.

Ku da takardar Alhaji za ta iso teburinku, ban ce ku bar ƙwaya ta cinye mana ƴaƴa ba, nawa ɗan yana zaure. Amma kafin ku ɗora wa kogin nan wani baƙo da bindiga, ku fara goge abin da kuka rubuta a kan yayana. Ban iya tuƙi ba, kuma hannuna ya tsufa, amma abin da ya yi ranar nan na iya shi. Ga ni na miƙe, na ɗaga filafilinsa da hannu biyu. Ku rage gudu. Akwai mutane a ciki.