Ƙarfe a Cikin Firizar Zoɓo

Ni ban yi boko ba. Yankan ƙarfe na sani, shi ya ci mini yatsa ɗaya, shi ya ciyar da ni.

Wata bazara wani dattijo Bafillace daga Tirwun ya kawo mini bulok, wato gangar jikin injin akori-kurarsa. Shanunsa na ƙarshe ya sayar ya sayi motar, da ita yake ɗauko masara. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki sun cinye, an sha yanka su har bango ya yi siriri. Sai dai a sa wa kowane rami silib, wato bututun ƙarfe da ke zama sabon bango. Da ƙarfi ake tura shi. Na duba na ce, Baffa, wannan in ya sha guduma zai tsage. Ya ce in ya tsage shi ma ya tsage. Ya zauna a benci.

Hanya ɗaya ta rage. A gasa bulok a rana ya buɗe, a sanyaya silib ya tsuke, sai ya shiga ba duka. Ba ni da firiza. Matata ke da ita, tana sayar da zoɓo a bakin barikin Shadawanka, wuta kuma ba kullum ba.

Na gaya mata. Ta ce shekara da shekaru ta hana baƙin mai shiga ɗakinta, yanzu kuma abincinta nake nema. Na ce motar ce kaɗai abin da tsohon ya mallaka. Ta kwashe zoɓon rabin firiza ta raba wa maƙwabta, ta wanke ƙarafan silib ɗin da sabulu kamar kwanuka, ta jera su a ciki.

Washegari da azahar bulok ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sai ga matata a keke mai ƙafa uku, rungume da kular ƙanƙara, ƙarafan a ciki. Ba ta taɓa zuwa shagona ba.

"Maigida, yi sauri, kayanka na narkewa."

Na ɗauko na farko da tsumma, yana hayaƙin sanyi. Na saita, na danna da katako. Ya zame har ƙasa. Na ƙarshe ya tsaya a rabi. Hannuna ya kai ga guduma, ta taka ta da ƙafa. Na dafa katakon da duk nauyina, ya sauka a hankali.

Baffa ya tashi ya yi alwala.

Zoɓon da ya rage ya ɗauki warin ƙarfe, bai sayu ba. Ni ta ba. Na shanye.