Simintin da na shafa wa rumbun kakanmu

Ina tsaye da littafina a hannu, ina kallon tarin ƙasa a inda rumbun kakanmu yake. Ruwan ranar Talata ya kayar da shi.

A ƙauyenmu, can bayan Bahuli, babu ginin da ya girme shi. Shi aka fara ginawa da mutanenmu suka sauko daga dutse, tun kafin masallaci da coci. Duk shekara mata ke yaɓe shi da sabuwar laka. Da suka tsufa, bara na kawo siminti daga Mubi aka shafe shi. Har na rubuta a littafina: "An ceci rumbu."

Bappa Hamman, ƙanin babana, ya ce, "Ɗana, laka numfashi take yi. Ka toshe mata hanci, danshi ya rasa hanyar fita."

"Bappa, me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Ka tambaye ni? Awon bangon kawai ka zo kana yi."

Yau ban iya rubuta komai ba. Saura rumbu ɗaya a ƙauyen, na gwaggona, kuma ba zan taɓa shi ba sai na tambaya. A garinku akwai wanda har yanzu ya iya yaɓe?